Rabin Milimita a Wuyan Jita

Wuyan gurmi sumul yake, haka na garaya da molo da kuntigi. Babu wata alama da za ta gaya wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne ke gaba, hannu na biye. Jita kuwa daban take. In kun taɓa ganinta kusa, ko a hoton waya, za ku lura da wasu siraran ƙarafa da aka gitta a wuyanta tun daga kai har kusa da ciki, na sama da wadatar fili a tsakaninsu, na ƙasa suna ta matsuwa kamar fasinjojin jirgin ruwa ranar kasuwa. Masu kaɗa ta suna kiran ƙarafan nan firet. Mu dai matakai muke ce musu, domin kowane ɗaya hawa guda ne na sauti. A kan matakai 21 muka ƙarar da hutu biyu a Yelwan Yauri, kuma labarinsu muke so mu ba ƙannenmu na sakandare, musamman masu tambayar malamin lissafi a zuci: wai wannan abin a ina zai yi mana rana?

Mu huɗu ne, duk ɗaliban jami'a, biyu a Sakkwato, ɗaya a Aliero, ɗaya a Zariya. Biyu 'yan Yelwa ne, ɗaya daga Wara ta ƙasar Ngaski, na huɗun kuwa iyayensa mutanen Shanga ne amma a hannun kawunsa ya tashi a cikin gari. Babu ɗan gidan makaɗa a cikinmu. Abin da ya haɗa mu shi ne kiɗan mutanen Agadas da ke yawo daga waya zuwa waya. Da muka bi diddigi sai muka karanta cewa Mdou Moctar, ɗan Nijar da yanzu ake gayyata Turai da Amurka, da wayar keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya fara. Ali Farka Touré, wanda ya rasu a 2006, a Niafunke ta ƙasar Mali ya yi zamansa, a bakin wannan kogin Kwara da muka tashi muna wanka a ciki, kuma abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara riƙewa kafin jita. Kuɗin sabuwar jita ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma katako da ƙarfe ba za su gagari garin da ake haɗa jirgin da ke ɗaukar buhunan albasa ya haye tafki da su ba.

Gangar jikin jitar lantarki aikin kwana biyu ce. Ba ta bukatar ƙoƙo ko fata kamar gurmi, tunda ba ita ke ɗaga murya ba. Katako ne kawai mai nauyi. A wajajen 1940 wani Ba'amurke, Les Paul, ya ɗaura tsirkiya a kan gungume mai kusurwa huɗu, kuma ta yi kiɗa. Leo Fender, wanda jitocinsa suka cika duniya tun daga 1950, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. Dabararsa muka ara: a yi wuya daban, a ɗaure shi da jiki da sukuru huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. Duk wuyar aikin a wuya take.

Katakon daga bakin ruwa ya fito. Akwai wani dattijo mai haɗa jirage da muke kira Baba, abokin kakan ɗayanmu. Muka je muka gaishe shi, muka daɗe muna kewaye-kewaye kafin mu faɗi abin da ya kawo mu. Ya saurara har muka gama, sannan ya shiga rumfarsa ya jawo wani guntun maɗaci da ya ce ya fi shekara biyar a jingine. Ya ƙara mana da wani siririn falle na madobiya, ragowar wata tsohuwar ƙofa, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. A lokacin ba mu san girman kyautar ba. Maɗaci ɗan'uwan itacen mahogani ne da manyan kamfanoni ke yin wuyan jita da shi. Madobiya kuwa ita ce itacen da 'yan kasuwa suka yi ta sara a Afirka ta Yamma ana lodi zuwa Sin, har ta kai tun 2017 an sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Falle ɗaya muke da shi, ba mu da hanyar samun na biyu, kuma a kansa za a yi tsaga 21. Tsagar da ta karkace ba ta komawa.

Wannan a hutun damina ne, cikin Agusta. Mu a son ranmu kafin a koma makaranta mu ji kiɗa. Baba ya juya fallen a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce: "Ɗiyana, wanga icce ya sha raɓar tafki. Ku feƙe shi yanzu, ku aje ƙarƙashin gado. Kada ku sa mishi ƙarfe sai iskan hunturu ta busa." Ba mu so ba, amma muka bi. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kokawa da ƙofar ɗaki: da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, da hunturu ta tsuke har ana hango tsakar gida ta gefenta. Katako yana shan laima yana buɗewa ta faɗinsa, yana bushewa yana tsukewa. Ƙarfe ba ruwansa da wannan. In an kafa matakai lokacin da katako ke a buɗe, sanyi na zuwa zai janye jiki ya bar bakin ƙarafan a waje kamar haƙoran zarto, su yi ta yankar tafin mai kiɗa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, shi ya sa mai neman wuyan da ba zai tanƙwaru ba ke gudun ɗanye.

Abin da muka samu muka yi a wancan hutun shi ne feƙe wuyan da fafe doguwar hanya a tsakiyarsa, inda muka binne sandar ƙarfe mai noti a baki. Tsirkiyoyi shida in an ɗaure su suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 40 zuwa 50, wato kamar a rataya masa buhun siminti dare da rana. Sandar ita ke ja ta ɗaya ɓangaren don kada ya rusuna.

Jiran bai tafi a banza ba, domin a cikinsa muka yi lissafin. Ku ɗauko kalkuleta ku bi mu, ba shi da tsawo.

Tsirkiya tana kaɗawa ne tsakanin wurare biyu: ɗan ƙashin da take hawa a can kai, wanda muke kira matashi, da jakin da take hawa a kan gangar jiki. Mu mun zaɓi tazarar milimita 648 tsakaninsu, irin ta jitar Stratocaster. In an danne tsirkiya a daidai tsakiya, saurin kaɗawarta yana ninkawa. Tsirkiya ta biyu a kauri tana kai da komo sau 110 a daƙiƙa. A danne ta a tsakiya, sai ta koma sau 220. Kunne yana jin su a matsayin sauti ɗaya, ɗaya da muryar babba, ɗaya da muryar yaro. Wannan tafiya daga 110 zuwa 220 ita aka raba hawa 12, don haka dole mataki na 12 ya faɗa a milimita 324, rabin 648.

Mai gaggawa zai ce a raba 324 gida 12, kowane mataki milimita 27, a huta. Ba zai yi ba. Kunne ba ya auna sauti da ƙari, da ninki yake aunawa. Kowane hawa sai ya zama na bayansa an ninka shi da lamba ɗaya tak, lambar da in ta ninka kanta sau 12 za ta ba da 2. Lambar ita ce 1.05946. 'Yan aji biyu na babbar sakandare, kun gane ta: jerin lambobi masu hawa da ninki ne, wanda ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO kuna tsaki. A aikace ga yadda ake yi. A raba 648 da 17.817, a samu 36.37, nan mataki na farko zai zauna, daga bakin matashi. Tsirkiyar da ta rage 611.63 ce. A sake raba ta da 17.817, a samu 34.33, a tara da na farko, mataki na biyu ya faɗa a 70.70. Na uku 103.10, na biyar 162.55, na bakwai 215.51. In kun kai na 12 ba ku ga 324 ba, ku koma baya, akwai inda yatsa ya zame. Tsakanin na 20 da na 21 fili bai wuce milimita 11 da rabi ba, da ƙyar kan yatsa ke shiga.

Wannan lissafi ya daɗe yana wahalar da masana. Al-Farabi, wanda ya rasu a wajajen shekarar 950, ya yi dogon bayani a kan inda ake ɗaura matakai a wuyan molon Larabawa da ake kira ud, a zamanin da matakan na zare ne, ana iya gusa su. A 1581 Vincenzo Galilei na Italiya, mahaifin Galileo da kuke ji a darasin kimiyya, ya ba da shawarar a riƙa raba tsirkiya da 18. Mun gwada nasa a takarda: mataki na 12 yana faɗawa a kusan 321.6, ya gaza tsakiya da fiye da milimita biyu. Ba laifi ga mutumin da ba shi da kalkuleta. Wanda ya fitar da lambar daidai shi ne Zhu Zaiyu, wani ɗan sarauta a ƙasar Sin, a 1584, da allon ƙirga mai duwatsu. Abin da ya ci masa shekaru, wayar hannu ta yi mana shi kafin shayi ya huce.

A nan ne takardar lissafin ta yi mana wani amfanin da ba mu zata ba. A ƙasarmu kiɗa gado ne. Duk ɗan Yauri ya san sunan gidan Dandawo, kuma ya san wanda bai gada ba in ya ɗauki abin kiɗa sai an tambayi abin da ya same shi. Mahaifin ɗayanmu bai ɓoye ransa ba: bai tura ɗa jami'a don ya dawo maroƙi ba. Wata rana da yamma ya iske mu a zaure da takarda cike da lambobi, ya ɗauka ya duba ta sama da ƙasa, ya tambayi dalilin da ya sa tazarar ke raguwa. Aka yi masa bayani. Ya ajiye ya ce sharaɗinsa biyu ne, kada sakamakon jarrabawa ya sauka, kuma kada ya ji ƙarar abin nan lokacin salla. Bai ce ya yarda ba. Bai dai hana zauren ba.

Muka dawo a Disamba, leɓe na tsagewa, hazo ya rufe tsibiran da ke cikin ruwa. Fallen madobiyar ya yi sauƙi a hannu, in an ƙwanƙwasa yana amsawa kamar ƙarfe. Wayar matakai da tsirkiyoyi wani direba ɗan'uwanmu mai kai bandar kifi kudu ya sayo mana a Legas. Wayar tana zuwa ne a naɗe. In an dubi bakinta, sama kai ne mai ƙundu, ƙasa kuwa siririyar ƙafa ce mai ƙananan ƙayoyi a gefe biyu, waɗanda ke cizon katako su riƙe. Haɗin tagulla ne da nikel da zinki, yana da taushin da magagari zai ci, da taurin da tsirkiya ba za ta cinye shi da wuri ba.

Wanda ba shi da direba a dangi kada ya karaya. Kafin wayar ta iso mun gwada siraran ƙarafan ƙafar keke a kan wata sanda mai tsirkiya ɗaya. Kaurinsu ɗaya ne duka, kusan milimita 2, wannan kuwa babbar fa'ida ce. Ana yi musu ɗan kwari marar zurfi, a kwantar da su da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Suna kiɗa sarai. Aibinsu shi ne sun fi taurin gogewa, kuma wasunsu na tsatsa a iskar bakin ruwa.

Awo shi ne inda rabin milimita ke zama babban mutum. Tef ɗin tela yana miƙewa, rular roba ta 'yan makaranta gajeriya ce, don haka muka aro rular ƙarfe mai tsawon mita ɗaya wajen mai walda. Fensir ma mun ajiye shi, domin layin da yake ja shi kansa ya kai kaurin rabin milimita. Da bakin reza muka riƙa yin alama. Babbar ƙa'ida kuma ita ce kowane mataki daga bakin matashi ake auno shi, ba daga ɗan'uwansa na baya ba. Ku duba dalili. In kana aunawa daga mataki zuwa mataki, kowane awo ya zarce da rabin milimita, kafin ka kai na 12 ka tara milimita 6. Filin da ke wurin bai wuce milimita 19 ba, ka ga ka ɓata kusan kashi ɗaya cikin uku na hawa guda, abin da ko akuya za ta ji. In kuwa daga matashi kake aunowa, kowane kuskure yana tsayawa a gidansa, ba ya bin na gaba. Muka raba aikin: ɗaya na karanta lamba, ɗaya na sa alama, na uku ya sake aunawa ba tare da an gaya masa lambar ba, ya faɗi abin da ya gani. Sai bakinsu ya zo ɗaya ake wucewa. Wuni guda cur a kan layi 21.

Duk wannan an yi shi ne tun fallen yana da gefe madaidaici, kafin a feƙe shi ya yi siriri ta sama. Da haka sukwayar kafinta ke samun inda za ta jingina, tsaga ta gitta daidai ba ta karkace ba.

Zarto ya so ya ba mu ruwa. Ƙafar wayar tana son tsaga mai faɗin kusan milimita 0.6, zarton kafinta kuwa rami yake yi. Ko ruwan zarton yankan ƙarfe ya yi faɗi, domin haƙoransa a baje suke hagu da dama. Wani maƙeri ya kwantar mana da haƙoran a kan maƙera, ya goge gefe biyun a dutse, muna gwadawa a guntun katako har ƙafar wayar ta riƙa shiga da ɗan ƙi. Wannan ɗan ƙin shi ake nema. Tsaga in ta yi sako-sako mataki zai ɗago. In kuma ta matse da yawa, kowane mataki ya zama tsinken da aka cusa da ƙarfi, 21 ɗinsu su haɗu su bankare wuyan baya. Don kada zarto ya zarce, muka ɗaure masa ɗan katako a gefe, ya bar milimita 2 kacal na haƙora a waje. Fallen kaurinsa milimita 6 ne. Wanda ya fi mu sanyin hannu, ɗan Wara, shi ya yi yankan duka, sauranmu muka riƙe numfashi. Ba a yi hira a zauren ba ranar.

Ana cikin haka kawun ɗan Shanga ya leƙo. Shi yana taɓa gurmi tun yana saurayi, don nishaɗin kansa, kuma ba ya gajiya da kaset ɗin Haruna Uji. Ya dubi layukan da muka tsaga, ya ce: "To, ku yanzu kun yi wa sauti shinge ke nan. Wanda ke tsakanin wannan da wannan fa, ina za ku kai shi?" Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mana. Kawu yana da gaskiya. Tsakanin kowane hawa biyu akwai sautuka, kuma mai gurmi ko mai goge yana zuwa can ya ɗebo, yana zamewa daga wannan zuwa wancan yadda murya ke yi. Harshenmu ma da hawa da sauka yake rarrabe ma'ana, shi ya sa abin kiɗan da ke bin murya ya fi kama da mai magana. Raba sauti gida 12 daidai wa daida sulhu ne da wasu mutane suka yi don a iya danna tsirkiya da yawa lokaci guda su dace, kuma kayan kiɗa daban-daban su haɗu. Ba haka Allah ya halicci kunne ba. Tun a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa wani makaɗin ud mai suna Zalzal ya ƙara mataki a tsakanin biyu da aka saba, saboda sautin da yake so ba ya kan ko ɗaya, kuma sunansa ya bi matakin har cikin littafin Al-Farabi. A ganinmu duk mai sa ƙarfe a wuyan jita ya kamata ya san ciniki yake yi: ya sayi daidaito, ya biya da 'yanci. Muka ce wa Kawu ana iya tura tsirkiya gefe da yatsa a samo na tsakanin. Ya ce sai ya gani.

Kafa matakan ya fi yankan daɗi. Muka manna fallen a wuya, muka bar fuskarsa a shimfiɗe ba tare da ƙundu ba, domin ya fi sauƙi ga masu koyo. Kowace tsaga aka ɗan buɗe bakinta da magagari mai kusurwa uku don kada katako ya ɓalle. Aka yanka waya ta ɗan zarce faɗin wuya, aka bar mata ɗan lanƙwasar da ta zo da ita, domin ita ke danne bakin biyu ƙasa. Wuyan muka ɗora a kan ƙaramin buhun yashi da muka ɗebo a bakin kogi, yadda duka ba zai sa ya yi tsalle ba. Gudumar ƙarfe tana lotsa kan mataki, don haka muka sa guntun ƙirya a tsakani. A fara da gefe, a koma ɗaya gefen, sannan a bi zuwa tsakiya. Kunne ma na aiki: matakin da ya zauna yana amsa guduma da murya cikakkiya, wanda ke da iska a ƙarƙashi kuwa sai ya yi kwas. Bayan nan aka datse bakunan da filaya, aka kwantar da su da magagari, ana bi da bayan yatsa har sai an daina jin kaifi.

Sai kuma aikin da ba ya fitowa a hoto. Duk yadda aka kula, matakai 21 ba sa zama tsayi ɗaya. Wanda ya fi maƙwabcinsa da kaurin gashi biyu ya isa ya sa tsirkiya ta riƙa taɓa shi tana zizar ƙuda. Ido ba ya ganin wannan. Muka rufe katakon da salatif, muka shafa wa kan kowane mataki baƙar maka. Muka samo gilashin taga mai falle-falle, wanda ya fi duk wani katako miƙewa, muka manna masa sanfefa mai laushi, muka riƙa goga shi a hankali daga kai zuwa gindi. Inda baƙin ya fara gogewa nan ne tudu. Aka ci gaba har kowane mataki ya nuna farin layi. To amma gugar ta baje kawunan, tsirkiya kuwa tana son ta sauka a kan tsini ɗaya, a daidai inda lissafi ya ce. Dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari ana dawo da ƙundun, ana barin siririn layi a tsakiya ba a taɓa ba. Kwana biyu muka yi a kan wannan, kuma nan ne aka fi yawan faɗa a tsakaninmu, kowa na ganin na ɗan'uwansa bai yi ba. Ƙarshe aka goge da soson ƙarfe mai laushi. Ku yi wannan tun kafin ku kawo maganaɗisu kusa, in ba haka ba garin ƙarfen zai manne masa ya ƙi fita.

Maganar maganaɗisu ta kawo mu ga lantarkin. Abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe in ta kaɗa a samansa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi ya haifar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Michael Faraday ya gano wannan a 1831, kuma da shi injinan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ke juya ruwan da ya ci garuruwan kakannin wasunmu ya zama hasken birane. Saboda haka zaren roba na kamun kifi, wanda ke yi wa gurmi daidai, a nan bebe ne. Namu mai gyaran fanka ya naɗa mana, da maganaɗisun matacciyar sifika. Muryarsa ba ta kai ta kanti ba, amma tana fita. Gargaɗi ɗaya, kuma ba wasa a ciki: da ƙaramar amfilifaya mai batir za ku gwada. Tsirkiyoyin a haɗe suke da wayar na'urar, in kuka jona da abin da ke cin wutar soket alhali haɗinsa ba daidai ba, wutar ta hannunku za ta bi.

Matashin da ƙashin saniya muka yi shi, mun karɓo wajen mahauta, muka dafa har maiƙon ya fita. Da aka ɗaura tsirkiyoyi, muka buɗe manhajar awon sauti a waya. Ta biyu a kauri ta nuna 110. Aka danne mataki na 12, ta wuce 220 da kaɗan. Wannan ba daga awo ba ne, haka kowace jita take: danna tsirkiya ƙasa yana ƙara mata ɗauri, sautin ya ɗan hau. Maganinsa a ja jaki baya kaɗan, siraran tsirkiyoyi kamar milimita ɗaya, masu kauri har uku ko fiye. Muka yi ta ja muna gwadawa har allurar ta tsaya a tsakiya. Daga nan aka bi matakan ɗaya-ɗaya, tsirkiya shida, wuri 126. Babu wanda ya yi ziza.

Jitar tana Yelwa, ba mu tafi da ita makaranta ba, tunda ba ta rabuwa huɗu. Ƙannenmu ke riƙe da ita. Ƙanwar ɗayanmu, 'yar aji biyu, ta ce wuyan ya yi wa hannunta tsawo, ta zauna da kanta ta fitar da jerin lambobi na tsirkiya mai milimita 580: matakin farko 32.55, na 12 a 290. Mun duba, babu gyara. Kawu kuma ya zo ya karɓa ya jujjuya, ya yi kusan awa yana tura tsirkiya gefe yana neman sautukansa. Ya samu wasu, wasu sun ƙi. Ya miƙo ya ce abin ba laifi, amma shi a yi masa wuyan da babu ƙarfe ko ɗaya, a sa masa maganaɗisun kawai. Baba ya ce akwai wani guntun maɗaci a bayan rumfa, sai dai bai gama shan iska ba, a tuntuɓe shi bayan hunturu mai zuwa.